Matasa sun ce in fito takarar cike gurbi: in ajiye aikina ko in dakata?

"Assalamu alaikum. Ni malamin makarantar sakandare ta gwamnati ne a nan Zariya, shekaruna 36, na yi shekara 11 ina koyarwa. Ana ta raɗe-raɗin cewa kujerar ɗan majalisar jiha ta mazaɓarmu za ta zama babu kowa a kanta, a yi zaɓen cike gurbi. Matasan unguwarmu da wasu tsofaffin ɗalibaina sun taso ni a gaba lallai sai na fito, har sun fara yaɗa hotona a Facebook. Ina da katin jam'iyya, amma ban taɓa riƙe muƙami a cikinta ba, kuma ba ni da abin hannu sai albashi da 'yar gona. Don Allah me doka ta ce? Kuma kai da ka daɗe a harkar, in shiga ko in jira babban zaɓe?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Malam. Na karanta saƙonka sau biyu, kuma abin da na fahimta shi ne ba doka ce ta fi damunka ba. Abin da ke hana ka barci shi ne aikin nan na shekara 11, da ko masu tura ka za su tsaya tare da kai ranar da albashi ya daina shigowa. Zan taɓa dokar, domin akwai wuraren da take kayar da mutum tun ba a kai ga akwati ba, amma inda zan fi daɗewa shi ne abin da na gani da idona. Na fara harkar nan ina ejan a rumfar zaɓe a 2003, daga baya na riƙe sakataren kwamitin yaƙin neman zaɓe na 'yan takarar majalisar jiha har sau uku. Biyu mun ci, ɗaya mun sha ƙasa, kuma wanda muka faɗin ya fi sauran koya min. Ni ba lauya ba ne. In ka yanke shawarar shiga, lauyan da ya san shari'ar zaɓe shi ne mutum na farko da za ka nema, kafin mai buga fosta.

Raɗe-raɗi ba gurbi ba ne

Kujerar ɗan majalisar jiha ba ta zama babu kowa don ana faɗa a majalisar shayi. Ko mai ita ya rasu, ko ya rubuta takardar murabus, ko ya karɓi wani muƙami da ba a haɗa shi da majalisa, ko ya sauya sheƙa ba tare da jam'iyyarsa ta dare biyu ba, ko ya ƙaurace wa zama fiye da kashi ɗaya bisa uku na kwanakin zaman shekara babu ƙwaƙƙwaran dalili, ko jama'arsa su yi masa kiranye. Yawancin waɗannan suna sashe na 109 na Kundin Tsarin Mulki na 1999. Bayan haka sai kakakin majalisa ya sanar, a rubuta wa Hukumar Zaɓe ta Ƙasa, INEC, sannan ita ta fitar da jadawali. INEC ce ke yin wannan zaɓe, ba hukumar zaɓe ta jiha da ke yin na ciyamomi da kansiloli ba. Mutane da yawa suna rikita su.

Mu a nan ba baƙi ba ne ga irin wannan zaɓe. A cikin kujeru 34 na majalisar Kaduna, huɗu suna nan kewayenmu: Zariya Birni, Zariya Kewaye, Sabon Gari da Basawa. A 2021 majalisa ta ayyana kujerar tsohon kakakinta Aminu Abdullahi Shagali ta Sabon Gari a matsayin babu kowa bisa dalilin rashin halartar zama, aka yi zaɓe a watan Yunin shekarar. Ranar 16 ga Agusta 2025 kuma aka cike gurabun Kewaye da Basawa rana ɗaya. Wato uku daga cikin huɗun sun ɗanɗana a cikin shekara biyar.

Tsarin mulki ya ce a cike gurbi cikin kwana 30, in dai ya rage fiye da kwana 90 majalisar ta kammala wa'adinta. A aikace ba haka ake yi ba. INEC takan bari gurabu su taru ta yi su tare, kamar na Agustan 2025 da aka yi a mazaɓu 16 a jihohi 12. Abin da wannan ke nufi gare ka shi ne jira mai tsawo wanda ba ka san ranar ƙarewarsa ba, sannan gudu na 'yan makonni. Ana iya shafe watanni ana cin kuɗinka da sunan tuntuɓa, ranar da jadawali ya fito kuma ka ga fidda gwani saura kwanaki kaɗan. Sannan wanda ya ci ba shekara huɗu zai yi ba, ragowar wa'adin wanda ya gada zai ƙarasa. Majalisar da aka rantsar a Yunin 2023 wa'adinta Yunin 2027 ne, don haka wanda ya shiga a Agustan 2025 abin da ya samu bai kai shekara biyu ba, kuma tun bai gama sanin hanyar ofishinsa a Lugard Hall, ginin majalisar jihar a Kaduna, ba za a fara yi masa maganar tikitin gaba. Ka sa wannan a ma'auni tare da aikinka.

Abin da doka take nema a wurinka

Sharuɗɗan da ke sashe na 106 ba su da wuya a kanka: ɗan Najeriya, shekara 25 (da 30 ne, aka rage a 2018), ilimi aƙalla matakin kammala sakandare, kuma ɗan jam'iyya wanda jam'iyyar ta tsayar. Babu takarar kai da kai. Ko duk Zariya na son ka, sai wata jam'iyya ta miƙa sunanka.

Inda nake so ka buɗe ido shi ne takardu. Ka fito da su duka yau ka shimfiɗa a tabarma: ta firamare, ta sakandare, ta kwaleji ko jami'a, ta bautar ƙasa, ta haihuwa ko ta rantsuwar shekaru, katin zaɓe da na ɗan ƙasa. Mu mutanen nan muna da wata matsala da muka ɗauka ba komai ba ce. A firamare an rubuta mutum da sunan mahaifi, a sakandare da sunan kaka ko na wan uba da ya riƙe shi, a jami'a ya ƙara sunan unguwarsu, shekarar haihuwa kuma ta ja baya da biyu lokacin neman aiki. A fagen zaɓe wannan makami ne a hannun abokin hamayya, domin za ka cike fom na bayanan kanka ka yi rantsuwa a kai, a manna shi kowa ya gani. A Fabrairun 2020 Kotun Ƙoli ta soke nasarar zaɓaɓɓen gwamnan Bayelsa ana gobe rantsuwa, saboda saɓanin sunaye a takardun mataimakinsa, ba ma nasa ba. In akwai irin wannan a naka, lauya ya duba tun yanzu.

Sai maganar aiki. Sashe na 107 ya ce ma'aikacin gwamnati, na tarayya ko na jiha, ba zai tsaya ba sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Ka lura, ranar zaɓe aka ce, ba ranar fidda gwani ba. Riƙe katin jam'iyya kuwa Kotun Ƙoli ta halasta wa ma'aikaci tun 2003, a shari'ar da marigayi Balarabe Musa da wasu suka yi da INEC. Amma kada wannan ya ruɗe ka. Ƙa'idojin aikin gwamnati ba sa yi wa ma'aikaci mai siyasa a fili kallon rahama, kuma kwamitin tantancewa na jam'iyya yakan nemi ganin takardar ajiye aiki tun kafin fidda gwani, don ba ya son ya ba da tikitin da kotu za ta ƙwace. A zaɓen cike gurbi tazarar da ke tsakanin fidda gwani da ranar zaɓe ba ta da yawa, saboda haka kwana 30 ɗin nan kusan yana faɗowa ne a daidai lokacin da ba ka san ko za ka samu tikitin ba. Hutu ba tare da albashi ba, wanda wasu za su ba ka shawara, ba ajiye aiki ba ne. Takardar kuma ba ta aljihu ba ce: a miƙa ta, a buga mata hatimin karɓa da kwanan wata, albashin da ya shigo bayan nan a mayar da shi a riƙe rasit. Na ga wanda albashin wata ɗaya da ya ci bayan ya ce ya ajiye aiki ya zame masa abin da lauyoyi suka yi ta yawo da shi a gaban alƙali.

Kuma in ka fita, ka fita ke nan. Kada wani ya ce maka ai in ba a dace ba za a mayar da kai. Mai wannan alkawari ba shi ke sa hannu a takardar ɗaukar aiki ba. Ka je wurin kamfanin da ke riƙe da fanshonka ka tambayi nawa ka tara, da nawa za ka iya taɓawa kana ɗan shekara 36. Amsar za ta sanyaya maka jiki, amma gara ka ji ta yanzu.

Tikitin, a nan ake yin zaɓen gaskiya

Matasan da ke son ka suna tunanin ranar Asabar ɗin zaɓe. 'Yan siyasa suna tunanin daren da za a zauna a falon wani babba a Kaduna ko Abuja. A zamanin Dokar Zaɓe ta 2022, an ba jam'iyya hanya uku ta fitar da ɗan takara: 'yar tinƙe, inda duk mai katin jam'iyya zai shiga layi, daliget, inda wakilai ƙalilan daga kowace gunduma za su zaɓa, da maslaha, wadda dokar ta ce sai duk waɗanda aka tantance sun sa hannu a rubuce cewa sun janye. Dokar zaɓe abu ce da Majalisar Tarayya ke yi wa gyara kusan kowane zango, don haka wadda ke aiki a ranar da jadawali ya fito ita lauyanka zai buɗe maka. Amma ko wace hanya aka rubuta, abin da na gani a cike gurbi shi ne manya sun fi son su gama magana a ɗaki. Dalilinsu a fili yake: lokaci kaɗan ne, ba sa son rigimar da za ta kai kotu, kuma gwamna ba ya son a ce an kayar da shi a tsakiyar mulkinsa a kan kujera ɗaya. Tun abin da ya faru a Zamfara a 2019, da Kotun Ƙoli ta zubar da duk ƙuri'un APC saboda rashin sahihin fidda gwani, kowace jam'iyya tana tsoron kuskure a wannan mataki, amma tsoron ya fi sa su gyara takarda, bai sa sun buɗe ƙofa ba.

A wancan ɗakin akwai layi, kuma ka san waɗanda ke gabanka. Akwai wanda ya zo na biyu a fidda gwanin da ya wuce, aka ba shi haƙuri aka ce ya jira. Akwai tsohon kansila ko ciyaman da ya san sunan kowane shugaban gunduma da sunan matarsa. In rasuwa ce ta kawo gurbin, akwai ɗan mamacin ko ƙaninsa, kuma tausayi ƙuri'a ne. Akwai kuma lissafin gunduma. Ɗauki Kewaye misali: Tudun Wada, Gyallesu da Tukur-Tukur mutanen gari ne, Dambo, Wuciciri da Dutsen Abba rabinsu karkara, ga Kufena. In ciyaman ya fito daga wannan ɓangare, za a ce ɗan majalisa ya fito daga wancan. Wannan rabon ba a rubuce yake ba, amma ya kayar da mutanen kirki da yawa waɗanda ba su yi laifin komai ba sai zama a unguwar da ba layinta ba ne.

Saboda haka tambayar da zan yi maka ita ce: a cikin shugabannin jam'iyya na gundumarka, ciyaman, sakatare, shugabar mata, shugaban matasa, mutum nawa ne suka taɓa zuwa gidanka ba don gaisuwar rasuwa ba? Ka ce ba ka taɓa riƙe muƙami ba. Wannan ba aibi ba ne, amma yana nufin su ba su san ka a matsayin nasu ba. Za su karɓe ka hannu bibbiyu, su sha lemo, su ce ai irinku ake nema, masu ilimi. Haka suka gaya wa wanda ya zo jiya. Haka nan in ka kai gaisuwa wurin mai unguwa, dagaci, hakimi ko liman, kuma ya kamata ka kai, za a yi maka addu'a a ce Allah ya ba mai rabo sa'a. Addu'a ce ta gaskiya, amma uba ne ga kowa, kada ka fito ka ce wa yaranka an ba ka goyon baya.

Wasu za su ce ka bar babbar jam'iyya ka ɗauki tikitin ƙarama, can babu layi. Gaskiya ne, za ka ga tambarinta a takardar ƙuri'a ka ce ga ni. Sai dai a takardar ƙuri'a tambarin jam'iyya ake dangwalawa, ba hotonka ba, kuma ƙaramar jam'iyya ba ta da mutum a kowace rumfa. Duk abin da babbar jam'iyya ta tara a shekara 20, kai za ka gina shi a mako shida da aljihunka. Ban ce ba a kayar da mai mulki ba. A Sabon Gari a 2021 APC ce ke da gwamna, ita ke da kujerar, amma ɗan takarar PDP ya ci da ƙuri'a dubu tara da ɗoriya, na APC ya samu dubu bakwai da ɗoriya. A nawa karatun, sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga: akwai masu fushi a cikin gida, ga kuma jam'iyyar adawa mai rassa a kowace gunduma da ta iya cin moriyar fushin. A 2025 kuwa APC ta kwashe Kewaye da Basawa duka. In za ka yi adawa, ka fara duba ko bangon a tsage yake.

Lissafin littafi

Ka sake kallon alƙaluman Sabon Garin nan. Mazaɓa mai cike da jama'a haka, manyan jam'iyyu biyu a haɗe ba su kai ƙuri'a dubu 20 ba. Haka cike gurbi yake. Babu shugaban ƙasa ko gwamna a takarda da zai fito da mutane daga gida. In damina ce, manomin Dutsen Abba yana gona. Ɗan kasuwa yana lissafin cinikin da zai rasa. Asabar ce, akwai ɗaurin aure. Ɗaliban jami'ar ABU da suka yi rajista a Samaru ko Kongo wataƙila suna garuruwansu. Wanda ya fito shi ne wanda wani ya je ƙofar gidansa ya kira shi da suna. Kuma babu sharaɗin samun kaso a gundumomi kamar na gwamna. Wanda ya fi yawan ƙuri'a, ko da ɗaya ce, shi ya ci.

Wannan labari ne mai daɗi ga mutum irinka, domin malami yana da abin da kuɗi ba ya saye: yaran da ka koyar a shekara 11, da yawansu sun haura 18, ga iyayensu da suka san ba ka taɓa karɓar na goro don maki ba. Amma so daban, ƙuri'a daban. Ga gwajin da nake yi wa duk wanda ya zo min da "jama'a sun ce in fito". Ka sayi littafin rubutu irin na ɗalibanka. Kowace rumfar zaɓe ta mazaɓar ka ba ta shafi guda. Ka kira matasan nan ka ce kowa ya kawo maka sunayen mutanen da ke da katin zaɓe a hannu, waɗanda rajistarsu take a wannan rumfar, da lambar waya, waɗanda shi da kansa zai iya rako su ranar zaɓe. Ka ba su mako biyu. Sannan ka ce kowane mai son ka fito ya kawo naira dubu ɗaya gudummawar kuɗin fom.

Abin da za ka gani zai ba ka mamaki. Za ka tarar shafukan unguwarku sun cika, na gundumomi uku ko huɗu kuma fari fat. Za ka tarar mai zafin rubutu a Facebook a Abuja ya yi rajista, wani katinsa ya ɓace tun 2019, wani kuma maƙwabcinka ne na kusa amma a wata mazaɓar yake zaɓe, domin a Zariya ka fita Ƙofar Doka ka bar Birni ka shiga Kewaye, ka haye kogin Kubanni ka faɗa Sabon Gari. Kuma da rajistar da ke ƙasa ake yin zaɓen, ba za a buɗe sabuwa don mutanenka ba. Ka duba kuma mata nawa ne a littafin. A rumfunan da na tsaya, mata ne ke zuwa da wuri su jure layi, kuma ba ta Facebook ake isa gare su ba, sai ta shugabar mata, ta gidan biki da suna, ta uwargidan da ake jin maganarta a layi. In littafin maza ne zalla, ba ka fara ba.

Zaɓen da muka faɗi, a nan muka faɗi. Ɗan takararmu mutumin kirki ne, ya yi gangamin da har yau ake labari, babura sun toshe hanya, mawaƙa sun yi ta yi. Kuɗin ya ƙare a can. Ranar zaɓe ejan-ejan namu suka fita babu kuɗin abinci, babu kati a waya. Kafin azahar wasu sun sulale, wasu an saye su da abin da bai kai kuɗin buhun masara ba, a rumfuna da dama babu wanda ya karɓo mana kwafin sakamako. Ni ne sakatare, ni na sa hannu a kasafin da ya ba gangami kaso mafi tsoka, don haka ba na ɗora wa kowa. Tun daga ranar, in an ba ni naira ɗari, sittin na ranar zaɓe ne.

Yanzu akwai na'urar BVAS da ke tantance mai zaɓe da yatsa ko fuska, kuma in ƙuri'un rumfa suka haura adadin waɗanda aka tantance ana soke rumfar. Wannan ya rage aringizo irin na da. Amma bai rage buƙatar ejan mai amana ba, wanda zai tsaya har a ƙirga, ya sa hannu a takardar sakamako ta EC8A, ya karɓi kwafinsa, ya ɗauki hoto, ya bi akwati zuwa wurin tattarawa na gunduma. Ka tuna kuma a babban zaɓe kowane ɗan siyasa yana fama da tasa mazaɓar, a cike gurbi kuwa duk sun sami hutu. Kwamishinoni, 'yan majalisa, ciyamomin ƙananan hukumomin maƙwabta, kowa za a ba shi gunduma ya tare a ciki. Ba da mutum ɗaya za ka kara ba.

Kuɗi

A lokacinta, Dokar Zaɓe ta 2022 ta ƙayyade wa ɗan takarar majalisar jiha kada ya kashe fiye da naira miliyan 30. Ko rabin wannan ka auna shi da albashin malami. Kuɗin fom, na tantancewa, na lauya, na mai, na ejan a kowace rumfa, na fosta, ga masu sallama tun bayan sallar asuba da takardar asibiti a hannu. Sayen ƙuri'a laifi ne a doka ga mai bayarwa da mai karɓa, kuma ko ka cire tsoron Allah ka cire doka, ba za ka iya gasa da masu yi ba, don haka kada ma ka fara. Kada ka sayar da gonar nan. In wani mai hali ya ce zai ɗauki nauyinka, ka tambaye shi a fili me yake so, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai uban gida na arziki, na gani, amma ko shi ba sadaka yake yi ba.

Ka ajiye wani abu kuma don kotu. Ƙarar da ta shafi fidda gwani kwana 14 ne kacal daga ranar da abin ya faru, in ka wuce ta mutu. Ƙarar sakamako kwana 21 ne daga ranar da baturen zaɓe ya sanar, kotun sauraron ƙararrakin zaɓe tana da kwana 180, ɗaukaka ƙara kwana 60. A kujerar majalisar jiha daga Kotun Ɗaukaka Ƙara magana ta ƙare. 'Yan majalisar jihar Filato 16 na PDP da wannan kotu ta sauke a 2023 ba su da inda za su je, alhali gwamnansu, da aka sauke a kan kusan dalili ɗaya, ya je Kotun Ƙoli ta mayar masa da kujerarsa a Janairun 2024. A wa'adin da bai kai shekara biyu ba, shari'a kaɗai tana iya cinye maka wata takwas.

To in shiga ko in jira?

Ban san mazaɓarka ba, ban san jam'iyyarka ba, ban kuma san wanda ke riƙe da ita a ƙaramar hukumarku ba, kuma waɗannan suna iya juya duk abin da na faɗa. Amma a kan abin da ka rubuto, ba zan ce ka ajiye aiki ba. Zan canza magana in abubuwa uku suka haɗu: an ayyana gurbin a hukumance, littafin nan ya nuna maka mutane a kowace gunduma ba unguwarku kaɗai ba, sannan wani daga cikin masu zama a wancan ɗakin ya gaya maka baki da baki, a gaban shaida, cewa da sunanka zai shiga. In biyu ne suka samu babu na ukun, kana iya sayen fom ka gwada ƙarfi ka janye da mutunci lokacin maslaha, mutane da yawa ta haka suka shiga layi, amma ka sani ko wannan yana iya jawo maka takardar tuhuma a wurin aiki, kuma kuɗin fom ba ya dawowa.

Abin da na fi so maka shi ne ka mayar da wannan zaɓen makaranta. Ka riƙa halartar taron gunduma. Ka ga yadda ake rubuta sunayen ejan, ka kwana a wurin tattara sakamako sau ɗaya, ka ga waɗanda ke tsayawa in dare ya yi da waɗanda waya ke kira su ɓace. Ka yi wa kanka tambaya kuma ko aikin kujerar kake so. Aikinta a takarda shi ne yin doka, amincewa da kasafin kuɗi, tantance kwamishinoni da bin diddigin ma'aikatu, kuma ba ƙaramin iko ba ne, majalisar Kaduna ce ta tsige gwamna a 1981. Amma wanda zai buga maka ƙofa ba dokar zai tambaya ba, zai tambayi ruwan famfo, taransifoma, takin zamani da gurbin aiki ga ɗansa, abubuwan da ba a hannunka suke ba. Ka zauna da mahaifiya in tana raye, da maiɗakinka, kafin ka zauna da matasa, domin su ne za su ci tuwo babu nama in abin ya ƙi. Ka yi istihara.

Hoton nan kuma da ke yawo a Facebook, ka kira yaran yau ka yi musu godiya, ka ce su sauke shi. Mai kujerar yana kanta har yanzu, INEC ba ta buga gangar kamfe ba, kai kuma sunanka yana cikin takardar albashi. A ba su littafin su fara da rumfar ƙofar gidanku.